Yinin da Na Sace wa Yaya Dije

Tun da Yaya Dije ta rasu nake jin ku, 'ya'ya da jikoki, kuna ba da labarinta a gidan biki kuna dariya. Kuna cewa ta haye teku har ƙasar Indiya, aka ce mata ga kabarin ubanta nan kusa, tafiyar da ba ta kai daga Daura zuwa Sandamu ba, amma tsoron maƙabarta ya sa ta ce a tafi ba da ita ba. Ni ma na sha taya ku dariyar. To, yau na ce a ɗauko takarda. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba aka cire ni, amma abin da na faɗa shi za a rubuta, kada wanda ya gyara mini. Yaya ba ta ji tsoro ba. Ni na hana ta zuwa.

Mu biyu Innarmu ta haifa, a wani ƙauye gabas da Sandamu, kuma Yaya ta girme ni da shekara shida. Ina ciki aka zo neman maza na yaƙin Turawa, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Bama. Dagaci ya tara gari aka ce kowace unguwa ta ba da mutum. Babanmu dogo ne, an ce shi kaɗai yake ɗora buhun gero a ka ba mai taya shi, don haka ba a daɗe ana dube-dube ba aka nuna shi. Ya tafi. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, sannan takarda ta iso wajen hakimi, Innarmu ta shiga takaba ina goye a bayanta. Ba a ce mana ga inda aka binne shi ba. Ni ban san shi ba ke nan. Yaya ta san shi. Ta san yana da wushirya, ta san irin fiton da yake yi wa jakinsa da baki, ta san ya taɓa ɗora ta a wuya zuwa kasuwa. Duk sa'ad da ta buɗe baki ta ce "Baba yakan," sai in tashi in nemi abin yi a bayan ɗaki. Tun ina 'yar mitsitsiya nake jin zafin nan, ban san me ake kiran zafin ba sai da na girma.

Zafi na biyu kuma shi ne Babanku Soja, ɗana na fari. Ku 'yan yanzu kuna rungume ɗan fari a gaban surukai, kuna kiran sunansa da ƙarfi har maƙwabta su ji. A zamaninmu mace ba ta kallon ɗanta na fari a gaban mutane, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye. Nawa kuwa kunyar ta zama biyu, domin sunan Babanmu aka sa masa. Ita Yaya tana aure a Baure, Allah bai ba ta haihuwa ba. Da lokacin yaye ya yi aka kai mata shi, daga yaye ya zama riƙo, daga riƙo ya zama nata. Ban yi musu ba. Da na yi, da an ce Kulu ba ta da kunya, kuma da an yi gaskiya. Ita ya taso yana kira Inna. Ni kuwa, tun da na sauke farali, Hajiya yake ce mini, kamar yadda mai sayar da gawayi yake ce mini. In ina da magana da shi, ko yana zaune a ɗakin, Yaya nake kallo in ce, "Ki ce wa ɗanki kaza." Shi ma ya dubi Yaya ya ba da amsa. Haka muka yi fiye da shekara hamsin.

Da ya shiga soja, in ya sami hutu Baure yake fara sauka. Sai ya kwana biyu sannan ya shigo Daura, ya durƙusa a bakin ƙofata ya gaishe ni, in amsa ina kallon bango. Da aka tura shi yaƙi wata ƙasa, da kuma daga baya aka tura shi gabas wajen tafkin Chadi, Yaya ta zauna a tsakar gidanta tana kuka a fili, mata suna tururuwa suna yi mata jaje. Ni da na haife shi ina nan ina surfe, in an tambaye ni sai in ce, ai Yaya za ku tambaya, ita ke da soja.

Ana nan, ana nan, idanun Yaya suka fara dushewa. Aka yi na gida, aka yi na asibiti a Kano, daga ƙarshe likita ya ce ciwon can bayan ido yake, kuma in ba a hanzarta ba za ta makance. Shi Babanku ya taɓa zama a Indiya wajen wani kwas na soja, ya san ƙasar, ya ce can zai kai ta. Sai aka ce dole a tafi da mace mai jinya, wadda za ta yi mata wanka ta kai ta bayi. Yaya ta ce Kulu. Haka na shiga jirgi, ba a matsayin uwa ba, a matsayin 'yar rakiya.

Birnin da muka sauka a bakin teku yake, can kudancin ƙasar. Zafinsa ba irin namu ba ne, jiƙaƙƙe ne, yana manne wa mutum kamar an lulluɓe shi da zanen da bai bushe ba. Iskar tana warin kifi da ƙamshin fure a haɗe. Mutane kuwa, ku ɗauki ranar kasuwar Mai'aduwa ku zuba ta a kowane titi, safe da yamma. Na ga mata tsofaffi kamata suna tuƙa babur, gashi a kitse har gadon baya da farin fure a ciki, zinariya a wuya a fili, ba mai waiwayen su. Kowace babbar ƙofa akwai wata 'yar ƙofar ƙarfe da ake bi ta ciki, in kana da ƙarfe a jiki ta yi ƙara, mace 'yar sanda ta ja ka gefe ta lalube ka. Amma abin da ya tsaya mini a rai shanu ne. Shanu a tsakiyar titi, kwance suna tuƙa, motoci suna kewaye su, ba makiyayi, ba sanda, ba igiya. Na tsaya a tagar asibiti ina kallon wata farar saniya tun hantsi har azahar, ina jira in ga mai ita. Ba wanda ya zo, kuma ba wanda ya kore ta. A shekarar nan ne aka kwashe garken mijin Gwaggonku Rabi a can yammacin Katsina, aka bar su da turaku kawai, suka bar gonarsu suka dawo mana Daura da 'ya'ya bakwai. Na dubi saniyar nan, wallahi sai na ji haushinta.

Kwana uku na farko ina salla ina kallon inda rana take fitowa, kamar yadda na saba tun ina yarinya. Ashe Babanku yana gani, ya rasa yadda zai yi. Rana ta uku ya sunkuya wajen gadon Yaya ya ce ta gaya wa Hajiya, a ƙasar nan Makka tana wajen faɗuwar rana. Yaya ta yi dariya har da tari.

"Kulu, kwana uku kina ba Ka'aba baya? Ni da ba na gani ma ban yi haka ba."

"Ai ke an juya ki ne," na ce. "Mai ɗa ba ta ɓata."

Ta ɗauka wasa nake yi.

Aka yi mata aiki, aka ɗaure idon, aka ce ta kwanta kada ta motsa. A nan na ga abin da shekara hamsin nake jin labarinsa ban gani da idona ba. Mutumin da furfura ta cika masa kai, wanda sojoji ke ƙame wa, shi ne zaune a gefen gado yana fifita mata kunun da na dama, yana ɗanɗanawa kafin ya ba ta. Ya yanke mata farce. Ya gyara mata matashi sau goma. In ta ce wash, kafin in miƙe ya riga ni. Ni ina ɗaya gadon da carbi a hannu, bakina yana tasbihi, idona yana kansu.

Ranar Litinin bayan la'asar ya ce yana da magana. Ya ce ya yi shekaru yana bincike, domin Turawan nan ba sa yar da takarda, duk sojan da ya mutu musu sun rubuta inda aka sa shi. Ya ce Babanmu ba a daji ya mutu ba. Zazzaɓi ne ya kama shi, aka ɗauko shi zuwa asibitin soja a Indiya, a nan rai ya yi halinsa, kuma kabarin yana cikin wannan birnin da muke. Shi ya sa ya zaɓi nan. Ya ce ya tambayi malami kafin mu taso, malam ya ce ba laifi mace ta tsaya ta yi wa mahaifinta addu'a in ba kururuwa za ta yi ba. Likita ya riga ya ce ranar Alhamis da safe za a kwance idon, jirginmu kuma Alhamis ɗin da magariba. Babanku ya ce tsakanin nan akwai lokaci, za mu je mu uku. Sannan ya ƙara da abin da ya ƙone ni.

"In kuma likita ya hana Inna fita, shi ke nan, ba wanda zai je. Ba zan taka wurin ba sai da ita."

Uban nawa ne ni ma. Ɗan kuma ni na haifa. Na kwana biyu ina juya maganar nan. Na hango mu a wurin: ita a tsakiya yana riƙe da hannunta, tana cewa "Baba yakan," shi yana saurare, ni a baya da jakar magani.

Ranar Laraba da hantsi aka ba Yaya maganin da ke sa ta barci mai nauyi. Shi yana waje a kan benci yana duba waya. Na yafa mayafina na fita. Abin da zan yi ban taɓa yi ba tun ranar da aka yanke masa cibiya. Na tsaya a gefensa, ban dube shi ba, na ce Yaya ta ce mu je yau. Na ce ta ce ita ba za ta iya shiga maƙabarta ba, zuciyarta ba za ta ɗauka ba, kuma kada a sake yi mata maganar. Ya miƙe tsaye da sauri kamar wani babbansa ne ya shigo. Ban sani ba ko saƙon ne ya ba shi mamaki ko muryata. Sannan ya ce, "To, Hajiya." Ku rubuta wannan da kyau: maganar farko da na yi wa ɗana baki da baki ƙarya ce.

Muka shiga irin keken nan mai ƙafa uku. Wurin yana gefen wani babban titi, amma da ka shiga ƙofa sai ƙara ta ɗauke. Da ba a ce mini maƙabarta ce ba, da na ce lambun wani mai mulki ne. Ciyawa shar, an aske ta daidai. Fararen duwatsu a jere, sahu-sahu kamar masallata. Ga mai gadi a ƙofa da littafi, ga wani tsoho yana jan tiyo yana ba furanni ruwa. Kabarin Innarmu da ta yi wahalar rainonmu, shekara biyar ba a yi ba ƙaya da iska suka shafe shi, yau ko ni ba zan iya nuna shi ba. Shi kuwa da ya tafi ya bar mu, ga shi da mai gadi da mai ban ruwa.

Muna tafiya yana karanta mini duwatsun. Turawa sun fi yawa, amma can gefe sai ga namu: wane Kano, wane Sakkwato, wane Bauchi, domin Bature bai san sunan uba ba, garin mutum yake liƙa masa. Ya tsaya a gaban wani, ya ƙame ya sara, sannan ya sauke hannu ya ɗaga biyun ya fara addu'a. Ya karanta sunan a fili. Sunan da ban taɓa furtawa ba, ga shi an sassaƙa shi a dutse da baƙaƙen da ban iya karantawa ba. Na durƙusa na bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Dutsen da ɗumi.

Bayan mun shafa sai ya zauna a kan ciyawa, ya fara magana yana kallon duwatsun, kamar yadda ni ma nake kallon bango in zan amsa masa gaisuwa. Ya ce kakansa mai yiwuwa bai taɓa harba bindiga ba. A dajin Bama akwai tsaunukan da mota ba ta hawa, alfadari ma ya gaza, ruwa kuma ba ya ɗaukewa, shi ne aka riƙa ɗora wa mutanenmu harsashi da abinci da sassan manyan bindigogi a ka, suna bin sojoji a ƙafa. Ya ce su aka sa a makarantar soja su karanta yadda aka yi yaƙin dajin nan, amma sunan masu dakon ba ya cikin littafin. Ya ce abin da ke hana shi sukuni shi ne, an kwashi manoman Daura sun haye teku sun taya baƙi tsare ƙasar da ba su san sunanta ba, ga shi yau jikokinsu da kaki da bindiga sun kasa tsare wa mace hanyar zuwa gona. Ya ce ba ƙarfi suka rasa ba. Yaƙin da maƙiyinka ke jin harshenka, yana cin kasuwa ɗaya da kai, ya san wanda ya gaya maka inda yake kwana, wannan ba a koya musu shi a littafi ba. Ni dai ina saurare. Ban fahimci rabin abin ba. Muryarsa nake ji, tana zuwa gare ni ba ta bi ta kan kowa ba.

Sai ya yi murmushi ya ce ai Inna ta ce kakansa yana da wushirya. Ya ba ni labarin jakin, da fiton, da ranar kasuwar da ya ɗora ta a wuya. Ya ce kullum bayan cin tuwo sai ta ba shi labarin mai sunansa, shi ya sa tun yana firamare ya ce soja zai zama. Ashe ko da na baro ta tana barci, ta riga mu zuwa. A gaban kabarin ubana, ɗana ne yake ba ni labarin ubana da bakin Yaya.

Duk da haka ba zan yi muku ƙarya ta biyu ba. Da za mu fito akwai 'yan matakala, ya kama gwiwar hannuna. Ya sa mai keke ya bi da mu ta bakin teku, ya saya mini ɗanyar kwakwa aka fasa mata kai na sha ruwan, ya tambaye ni ko ƙafata tana ciwo. Na yi aure, na haihu tara, na je Makka, amma ban taɓa yini mai daɗin wannan ba.

Muka dawo Yaya ta farka, tana zaune da ɗaurin idonta. Ya durƙusa a gabanta ya ce mun je mun dawo kamar yadda ta ce, ya yi wa kakansa addu'a a madadinta. Na tsaya a bakin ƙofa. Yaya ta juyo da fuskarta daidai inda nake, ita da ba ta gani.

"Haka na ce," in ji ta. "Allah ya yi maka albarka."

Washegari aka kwance idon, ta ga haske, ta ga fuskarsa, ta ce ashe ya tsufa haka ba wanda ya gaya mata. Likita ya ba ta baƙin tabarau ya ce tana iya fita. Akwai sauran yini guda a gabanmu. Ya ce, Inna, har yanzu da lokaci, ko daga ƙofa ne ki tsaya. Kalma ɗaya za ta faɗa mota ta zo. Amma in ta ce tana so, zai tambayi kansa wa ya ce ba ta so. Ta ce a'a, ita tsoro take ji, a bar ta. Daga bakinta kuka samo labarin da kuke ba wa mutane.

A filin jirgi ya tafi wajen awon kaya ya bar mu a kan kujera. Mutane suna ta wucewa, sojojinsu da bindigogi suna kai da kawo. Yaya ta ce in gaya mata yadda wurin yake. Na gaya mata ciyawar, da furannin, da tsohon mai tiyo, da ɗumin dutsen. Ta tambaya ko akwai inuwa, na ce akwai wata bishiya kusa. Ta gyaɗa kai. Ba ta tambaye ni dalili ba, ba a ranar ba, ba kuma a shekara biyun da ta ƙara a duniya ba.

"Da ma saƙo ne zan kai masa," ta ce. "Ranar da za su tafi ya tsuguna a gabana a zaure, ya nuna cikin Inna, ya ce, Dije, abin da ke cikin nan ke na bar wa, ki kula da shi. To, na so in ce masa na kula. Shi ke nan."

Ya kamata in faɗi a ƙafarta in nemi gafara. Ban yi ba. Abin da ya fara zuwa zuciyata, Allah ya yafe mini, shi ne ashe Baba ya taɓa yin maganata sau ɗaya a duniya, kuma ita ma maganar Yaya aka ba, ta riƙe ta shekara saba'in ban sani ba.

Sai ga shi ya dawo da takardun jirgi a hannu. Ya kama ta ya tashe ta a hankali, suka nufi ƙofa. Na ɗauki jakar maganinta na bi su a baya.